BABI NA UKU: Kalmomin Turanci na Kiran Rago da Marar Aikin Yi da Tasirinsu a Fagge da Sabon Garin Kano

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin yadda unguwannin Waje suka kafu a bayan ganuwar birnin Kano. A wannan babi kuwa za a dubi wasu kalmomin Turanci waɗanda aka daɗe ana kiran rago ko marar aikin yi da su. Kalmomin su ne "idle" da "lazy" da "loafer" da "vagrant" da "vagabond" da "rogue" da kuma "hooligan". Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa nazarin Hausa da kalmomin Turanci? Amsar ita ce, wasu daga cikin waɗannan kalmomi sun fita daga ƙamus sun shiga kundin doka, an kama Hausawa da su, an kai su gaban shari'a da su, har kuma an fassara su zuwa Hausa ana jifan matasa da su a yau.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kalmomin nan sun cakuɗa mutane iri uku waɗanda Bahaushe ya bambanta tun asali, wato wanda ya ƙi aiki, da wanda ya rasa aiki, da kuma wanda yake yawon neman aiki ba shi da matsuguni. An zaɓi Fagge da Sabon Gari domin a nan ne ma'aunin Bature da na Bahaushe suka fara haɗuwa. Za a kuma kammala da mazaɓar Kwaciri ta ƙaramar hukumar Fagge, inda mai wannan nazari ya ga yadda ake amfani da irin waɗannan kalmomi a rayuwar yau da kullum.

3.1 Asalin Kalmomin a Ƙasar Ingila

Kalmar "idle" ita ce mafi tsufa a cikinsu. A tsohon Turanci ma'anarta ita ce abin da ba kome a cikinsa, ko abin da ba shi da amfani, wato dai abin da Bahaushe zai kira banza ko wofi. Daga baya ne aka riƙa kiran mutum da ita. Ita kuwa "lazy" sai a ƙarni na 16 ta bayyana a rubuce. Kalmar "vagabond" ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin yawo, kuma ma'anar "vagrant" ma ba ta wuce yawon ba. Ke nan tun farko waɗannan biyun ba su da alaƙa da ƙiwuya, mai yawo kurum suke nufi. "Loafer" ta fito daga Amurka a wajen shekarun 1830, ita kuma "hooligan" ta yaɗu a jaridun Landan a ƙarshen shekarun 1890, ana kiran samarin da ke tada hankali a titi da ita.

Abin da ya mai da waɗannan kalmomi laifi shi ne ƙarancin ma'aikata. A shekarar 1348 wata annoba ta faɗa wa Ingila ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Da ma'aikatan gona suka yi ƙaranci sai suka fara neman ƙarin lada, suna barin wannan ubangida suna komawa wancan. Saboda haka a 1349 da 1351 aka kafa dokokin da suka tilasta wa duk mai ƙarfi yin aiki a kan tsohon lada, aka kuma hana ba mai lafiya sadaka. A 1547 an yi wata doka mai tsanani wadda ta ce a yi wa mai yawon banza lamba da ƙarfe mai zafi, a kuma bautar da shi shekara biyu, ko da yake ba ta daɗe ba aka soke ta.

Dokar da ta fi shafar wannan nazari ita ce ta 1824. An kafa ta ne bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da tsofaffin sojoji da talakawa marasa muhalli suka cika biranen Ingila. Dokar ta kasa masu laifi hawa uku. Na farko su ne "idle and disorderly persons", waɗanda hukuncinsu ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba ne. Na biyu su ne "rogues and vagabonds", su kuma har wata uku. Na uku su ne waɗanda aka ce sun kangare ba sa jin horo. Abin lura a nan shi ne, kalmar "unemployment", wato rashin aikin yi, sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta zama ruwan dare a Turanci. Ashe ke nan Turawa sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna da sunan wanda ya ƙi aiki kafin su saba da sunan halin da mutum ke shiga idan ya nema ya rasa.

3.2 Yadda Bahaushe Ya Rarrabe

Bahaushe ba ya son zaman banza, kuma harshensa cike yake da kalmomin sukar wannan hali. Karin maganarsa ma shaida ce, kamar inda yake cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, ko da zaman banza gara aikin kishiya. Sai dai idan aka duba kalmomin da kyau za a ga kowacce da inda ta dosa. Ana iya kasa su gida uku kamar haka:

(a) Kalmomin da suka shafi hali: rago, malalaci, mai ƙiwuya, mai son jiki, mai kasala, mai matacciyar zuciya. Waɗannan duk suna nufin wanda aiki yake gabansa, lafiyarsa lau, amma ya ƙi. Ƙiwuya dai ƙin wuya ce, ita kuwa kasala daga Larabci aka aro ta.

(b) Kalmomin da suka shafi dogaro da wani: cima-zaune, sangartacce. Laifin cima-zaune shi ne yana cin gumin wani ba tare da ya saka da kome ba. Shi ya sa ba a kiran tsoho ko marar lafiya ko ƙaramin yaro da wannan suna, ko da kuwa a zaune suke ci.

(c) Kalmomin da suka shafi rashin madafa: gantalalle, zauna-gari-banza, ɗan iska. Ɗan iska shi ne wanda ba shi da abin da ya riƙe shi, ba ubangida, ba sana'a, ba mai faɗa masa ya ji. Yana iya kasancewa mai ƙarfi da kuzari, har ma ya fi kowa zirga-zirga.

Ban da waɗannan akwai kalmomin da ba zagi ba ne sam. Ɗan ci-rani, da baƙo, da almajiri, da gardi, da falke, duk mutane ne da suka baro gida, amma al'umma ta san dalilin fitowarsu, ta kuma tanadar musu masauki a zaure ko a tsangaya ko a gidan fatoma. Dalilin haka kuwa shi ne yanayin ƙasar. Aikin gona a ƙasar Hausa bai wuce wata huɗu zuwa biyar ba a shekara. Da an kai amfani rumbu sai manomi ya koma saƙa ko rini ko jima ko fatauci, ko kuwa ya tafi birni ya ci rani don ya rage wa rumbunsa baki. Baturen nan ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma ce da rani adadin yakan kai 60,000 saboda shigowar baƙi. Haka kuma ya yaba da ƙwazon Kanawa wajen saƙa da rini.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa ma'aunin Bahaushe shi ne sana'a da jingina. Tambayarsa ita ce, mece ce sana'arka, kuma yaron wa kake? Ma'aunin da dokar Ingila ta zo da shi kuwa shi ne albashi da adireshi, wato wa ke biyanka, kuma a ina kake kwana? Ɗan ci-rani yana da amsar tambayar farko, amma sau da yawa ba shi da amsar ta biyu.

3.3 Shigar Kalmomin Cikin Dokar Mulkin Mallaka

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Babbar matsalar da suka tarar ita ce ta bauta. Lovejoy da Hogendorn, a littafinsu Slow Death for Slavery na 1993, sun ƙiyasta cewa bayin da ke Daular Sakkwato a lokacin sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Tun a 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar cewa kotu ba za ta ƙara ɗaukar mutum a matsayin dukiyar wani ba, kuma duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma bai so bayi su watse gaba ɗaya ba, domin yana tsoron gandaye su mutu, sarakunan da yake mulki ta hannunsu su talauce. Masanan biyu sun nuna cewa daga cikin dabarun da aka bi har da hana bawan da ya gudu samun gona, da kuma ɗaukarsa a matsayin mai yawon banza idan ya shigo gari. Hanyar da aka bar masa ita ce ya zauna ya biya murgu ya tara kuɗin fansar kansa. Sai a 1936 aka haramta bauta kwata-kwata a Arewa. Wato a nan ma, kamar a Ingila ta 1349, kalmar ta faɗa ne a kan wanda ya bar ubangidansa.

A 1904 aka kafa kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda aka kwaikwayo daga na Queensland ta ƙasar Ostareliya, sa'an nan a 1916 aka shimfiɗa shi a Nijeriya baki ɗaya. Sashe na 249 na kundin ya yi magana a kan "idle and disorderly persons", sashe na 250 kuma a kan "rogues and vagabonds". Kalmomin dokar 1824 ke nan aka kwaso su yadda suke.

Haka kuma an yi amfani da zargin ragwanci wajen kare haraji da aikin dole. Lugga yana ganin harajin da za a biya da tsabar kuɗi zai sa talaka ya tashi ya nemi aiki. An ɗebi mutane ta hannun hakimai da dagatai domin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi dubban manoma zuwa haƙar kuza a Jos, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Wannan ɗabi'a ba a Nijeriya kaɗai aka yi ta ba. Masanin nan na ƙasar Malesiya, Syed Hussein Alatas, ya nuna a littafinsa The Myth of the Lazy Native na 1977 cewa Turawa sun kira mutanen Malaya da Jawa da Filifin ragwaye ne saboda sun gwammace noman kansu da su yi ƙwadago a gandayen Turawa.

Tarihin gyaɗa ya isa hujja a kan wannan. Turawa sun sa ran cewa idan jirgi ya iso Kano manoma za su duƙufa ga noman auduga domin masaƙun Ingila. Amma da aka buɗe hanyar a 1912 sai manoman suka auna riba suka zaɓi gyaɗa, kamar yadda Hogendorn ya bayyana a littafinsa na 1978. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga abin da bai kai tan 3,000 ba a 1912 zuwa kimanin tan 19,000 a 1913. Rago ba zai yi wannan aiki ba. Abin da ya faru shi ne manomi ya ƙi abin da ba ya biyansa ya kama wanda yake biya.

3.4 Fagge da Sabon Gari: Gari Biyu, Ma'auni Biyu

Fagge ta girmi mulkin Turawa. Tun da can masauki ce ta ayarin Buzaye da sauran fataken da ke shigowa daga arewa da raƙumansu, suna sauka a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne a wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan jirgi da na kamfanoni waɗanda suka zo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Bayan dokar tsara garuruwa ta 1917 Sabon Gari ta kasance a ƙarƙashin Baturen da ke kula da bariki, har zuwa 1940 lokacin da aka mai da ita hannun En'e ta Kano. Fagge kuwa tana ƙarƙashin Sarki da alƙalinsa da dogarai da 'yan doka.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga nazarin nan, domin kundin dokokin da aka ambata a sama a kotunan Turawa ne ake aiki da shi, ba a gaban alƙali ba. Saboda haka mutum ɗaya yana iya zama ɗan ci-rani a Fagge da safe, idan ya tsallaka ɓangaren bariki da rana ya zama "vagrant". Shi kansa tsarin bariki an yi shi ne a kan wannan ma'auni. An bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, kuma ba a yarda ɗan ƙasa ya zauna a unguwar Turawa ba sai in boyi ne ko kuku ko mai gadi.

Amma kuwa cinikin da ya gina Waje ba ya tafiya sai da waɗannan mutane marasa adireshi. Su ne 'yan dakon da ke sauke kaya a tashar jirgi, su ne leburorin da suka ɗora buhu a kan buhu har aka sami dalar gyaɗa, su ne 'yan ga-ruwa da masu turin kura a kasuwar Sabon Gari da kantunan Kwari. Manyan dillalan gyaɗa irin su Alhasan Ɗantata ba za su iya cika alkawarin kamfanoni ba in ba tare da su ba. Sai dai aikin na kaka ne. Daga an gama cinikin gyaɗa sai a sallame su. Shi kuma aikin dako, rabinsa jira ne. Ɗan dako zai zauna a inuwa awa uku kafin mota ta iso, ya sauke ta cikin awa ɗaya, ya koma ya zauna. Wanda ya wuce lokacin jiran zai ce zaman banza yake yi, alhali kuwa jiran yana cikin aikin. Ban da haka, duk lokacin da aka yi fari, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, mutanen ƙauye kan kwararo birni neman abin sawa a baka, su ƙara yawan waɗanda ake gani a bakin titi.

Wani abin sha'awa shi ne irin kalmomin da Hausa ta ara a wannan zamani. Ta ari lebura da boyi da kuku da masinja da direba da kamasho da ofis, domin waɗannan sababbin abubuwa ne da ba ta da sunansu. Amma ba ta ari "idle" ko "lazy" ba, saboda tana da nata har sun yi mata yawa. Abin da ya shigo shi ne sabuwar ma'ana. A hankali kalmar aiki ta fara karkata ga aikin albashi, har ta kai mutum yana da sana'a a hannu amma a tambaye shi ya ce bai sami aiki ba tukuna.

3.5 Kalmomin a Fagen Siyasa

A shekarun 1950 kalmomin sun sami sabon amfani. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ta sami karɓuwa ƙwarai a wurin teloli da mahauta da 'yan tireda da leburorin Fagge. Abokan adawarta ba su rasa sunan da za su kira magoya bayanta ba, sai suka ce 'yan iska ne marasa mutunci. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, wannan ba aikin Bature ba ne shi kaɗai. Masu sarauta sun tarar da kalmar a cikin harshensu, kuma ta yi musu daidai, domin a wurinsu wanda ya ƙi faɗuwa ya gai da hakimi ya fita daga jingina, wanda kuwa ya fita daga jingina ɗan iska ne ko da yana da shago.

A watan Mayu na 1953 rikici ya ɓarke a Kano, mafi yawan faɗan kuma a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka yi shi. Bisa ƙididdigar gwamnati mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. A bayanan hukuma an ɗora alhaki mai yawa a kan waɗanda aka kira "hooligans". Amfanin irin wannan kalma ga hukuma shi ne tana rufe tambaya. Idan aka ce 'yan iska ne suka yi, ba sai an binciki wanda ya tara su ba, ko gasar neman aiki da rumfar kasuwa da ke tsakanin mazauna unguwannin biyu. A wannan zamani ne kuma jam'iyyu suka fara ajiye 'yan banga, kalmar da masana da yawa suke ganin daga "vanguard" ta Turanci ta samo asali. Matashin da aka zaga da rashin aiki sai ga shi an ba shi aikin duka da sara.

3.6 Daga Mulkin Kai Zuwa Yau

Samun mulkin kai bai kawar da kalmomin ba. Kundin Penal Code na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya kawo bayanin "idle person" da "vagabond" a sashe na 405. A ƙarƙashin "idle person" an haɗa wanda yake da ikon ciyar da kansa ko iyalinsa ya ƙi, da mai bara a titi, da kuma wanda ba shi da tsayayyen gida ko wata sananniyar hanyar samun abinci. Wato mutanen nan uku da Bahaushe ya raba an zuba su a ƙwarya ɗaya.

Lubeck, a nazarin da ya yi kan leburorin Kano wanda ya fito a 1986, ya nuna yadda arzikin man fetur na shekarun 1970 ya karya tsohon tsarin da ke karɓar gardawa da 'yan ci-rani. Tsadar rayuwa ta ƙaru, ƙananan sana'o'in da suke dogara da su suka ja baya, attajirai suka kewaye gidajensu da katanga, zaure ya rufe. Yana ganin wannan na daga cikin abin da ya sa wasunsu suka bi Maitatsine, wanda rikicinsa na Disamba 1980 a 'Yan Awaki ya ci rayuka fiye da 4,000. Daga 1986 kuma shirin tsuke bakin aljihu ya zo, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rage ma'aikata ko rufewa. Masu nazarin daba irin su Ɗan Asabe a 1991 da Ya'u a 2000 sun danganta yaɗuwarta da wannan hali. A 1989 gwamnatin soja ta soke laifin yawo wanda 'yan sanda ke kama mutane da shi. A watan Disamba na 2020 kuma Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ba da fatawar cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, domin talauci suke hukuntawa. Ita ma majalisar Ingila a 2022 ta amince a soke dokar 1824.

Duk da haka kalmar tana nan a bakin mutane. A watan Afrilu na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi a wani taron kasuwanci a Landan, inda ya nuna cewa matasa da yawa ba su yi makaranta ba, kuma suna jiran a yi musu kome kyauta don ƙasar tana da mai. Bai furta kalmar "lazy" ba, amma ita aka ɗauka aka yaɗa a intanet, kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma suka fassara maganar da cima-zaune. Fushin da matasa suka nuna ya tabbatar da cewa har yanzu Bahaushe yana jin nauyin kalmar, domin ce masa aka yi yana cin gumin wani.

A Kwaciri, wadda ke maƙwabtaka da Kurna da Rijiyar Lemo ta wajen titin Katsina, mai wannan nazari ya lura da majalisun samari da ake yawan cewa zaman kashe wando suke yi. Idan aka zauna da su za a tarar ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai jiran abokin karɓa-karɓarsa ya dawo da A Daidaita Sahu, sana'ar da mutane da yawa suka koma bayan hana acaɓa a Janairun 2013. Akwai ɗan kamashon da ke jiran waya daga Kwari. Akwai tela ko mai walda da rashin wuta ya fito da shi waje. Akwai wanda ya gama makaranta yana ta kai takardu. Akwai kuma, ba a musu, wanda an nema masa sana'a ya ƙi, sai dai ya koma gida ya buɗe kwano. Wannan na ƙarshen ne kaɗai rago. Maganin kowannensu daban ne: wani jari yake buƙata, wani wuta, wani gurbin aiki, wani kuwa faɗa da horo. Idan aka kira su da suna ɗaya, magani ɗaya za a ba su, kuma galibi maganin shi ne kame.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin wasu kalmomin Turanci tun daga Ingila ta ƙarni na 14 har zuwa Kano ta yau. An ga cewa sun zama laifi ne a lokutan da masu iko ke buƙatar ma'aikata ko suke tsoron talaka marar ubangida. An kuma ga cewa Hausa ta bambanta rago da cima-zaune da gantalalle, ta ware ɗan ci-rani da baƙo daga cikinsu, amma dokar da aka gada ta haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya. Haka nan an nuna cewa masu mulki na gida su ma sun yi amfani da kalmar ɗan iska don biyan bukatarsu. Shawarar wannan nazari ga masu fassara da 'yan jarida ita ce su riƙa tantancewa kafin su zaɓi kalma, kada a fassara marar aikin yi da rago, ko mai neman abinci da gantalalle. A babi na gaba za a dubi yadda waɗannan kalmomin Hausa suke fitowa a cikin karin magana da zambo da habaici.